Tiyon man giya ba kowane baƙin tiyo ba ne

A garejinmu giyar otomatik kaɗai muke yi, ita da duk abin da ya rataya a jikinta. Cikin abubuwan nan kuwa babu wanda masu mota suka raina kamar bututai biyun da ke fita daga giyabos su nufi lagireto, ɗaya ya kai mai da zafinsa, ɗaya ya dawo da shi bayan ya huce.

Man giyar otomatik ba shafawa kawai yake yi ba. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji a cikin kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giyabos, shi ke danna kuloci idan giya za ta canja, shi kuma ke kwashe zafi. Mafi yawan zafin daga kwanbata yake tasowa, musamman a cunkoso, ko hawan tudu da kaya, ko jan tirela. Man ya fi son zama wajen digiri 80 zuwa 90 na Selshiyos. In ya haura 120 ya daɗe a can sai ya fara ƙonewa, jansa ya koma ruwan ƙasa, ya riƙa ƙauri, robobin ciki su ƙandare. A yawancin giyoyi kuma man da ya dawo daga lagireto shi ke shafa haƙoran giya da bushi, wato zobban da sandunan giya ke juyawa a cikinsu. Ke nan in bututun ya toshe ko ya fashe, giya ta rasa sanyi ta rasa shafi lokaci guda, kuma famfo ba zai daina turo mai waje ba muddin inji na aiki.

Kamfani yakan yi bututun da ƙarfe, ya sa guntun roba a wajen haɗi, domin inji da giya suna motsi a kan mazauninsu, lagireto kuwa a kafe yake. Inda aka matse roba da ƙarfe, nan yoyo ya fi farawa, sai kuma inda tsatsa ta ci. To a nan ne ake ɓarnar da ta fi ƙona mini rai: a yanke wurin, a ɗauko kowane baƙin tiyo da ke kusa a zura, a ɗaure da waya.

Lokacin da nake yaron gareji, maigidana Allah ya jiƙansa ba ya yi mana dogon bayani. Ya yanko guntun tiyon ruwa, da na fetur, da na man giya, ya jefa a gwangwanin man giya ya ajiye a kan kanta. Bayan wasu kwanaki ya kira mu ya ce, "Yara, ku taɓa ku ji." Tiyon ruwan ya kumbura ya yi laɓa-laɓa, farce ma yana shigarsa. Na man giyar kuwa yadda aka jefa shi haka ya fito. Sai daga baya na san dalili: tiyon ruwa da robar EPDM ake yin sa, wadda ke jure ruwan zafi amma ba ta shiri da mai ko kaɗan. Na fetur ya fi yaudara, domin a gwangwani lafiya lau yake, amma na gama-garinsa ba a yi shi don mai mai zafi da matsi ya riƙa bi ta cikinsa kullum ba. Sannu a hankali yake taurara ya tsattsage. Har yau duk yaron da ya zo koyo wurina sai ya taɓa gwangwanin nan kafin in bar shi ya riƙe sifana.

Tiyon da muke sawa shi ne wanda aka buga wa lambar SAE J1532 a jiki, wato lambar ƙa'idar ingancin tiyon man giya, ko wanda kamfaninsa ya rubuta ƙarara cewa na man giya ne. Yana da saƙar zare a tsakiya, robarsa kuma irin mai jure mai da zafi ce. Amma rubutu kaɗai bai ishe ni ba, saboda masu kawo kaya sun koya mana hankali. Za ka yi odar mai kyau, a kawo maka nadi guda da lambar a jiki tsaf, ka goga da yatsa ta goge, ka yanka ka ga zaren jefi-jefi, kaurin bangon ma gefe ɗaya ya fi ɗaya. Ka mayar, a ce maka ai kowa shi yake saya. Shi ya sa duk nadin da ya shigo sai na yanka bakinsa na duba da idona.

Mai mota kuma ya zo ya ce, "Haba Malam, ɗan tiyon da bai kai kamu ɗaya ba?" Nakan ce masa, "Ranka ya daɗe, ɗan tiyon nan shi ke tsare giyar gaba ɗaya." Wasu su yarda, wasu su tafi inda za a zura musu na ruwa, daga baya a jawo motar da igiya.

Girma ma magana ce. A yawancin motoci faɗin bututun inci 5/16 ne ko 3/8, wato kusan milimita 8 da 10. In tiyo ya yi wa bututu yawa, duk matsin kilif ba zai hana shi zamewa ba. In ya yi ƙanƙanta ya rage gudun mai. Idan mun yanke bututun ƙarfe ba ma zura tiyo a kan santsin bakinsa. Sai mun yi masa ɗan kumburi a baki, mu goge kaifin, tiyo ya wuce kumburin, sannan kilif ya zauna a bayansa. Kilif ɗin ma mai santsin ciki muke so, wanda ke matsewa zagaye ɗaya, domin mai huji-hujin nan yana cizon roba. Bututun tagulla kuwa ba na sawa, jijjiga tana sa shi tauri har ya tsage.

Hanyar da tiyo zai bi ita ce ke nuna hannun gwani. Nesa da salansa, domin man giya yana kama wuta in ya fesa a kan ƙarfe mai zafi. Nesa da fanka da fanbel. Kada ya lanƙwashe har ya matse cikinsa, kada kuma ya miƙe tsam babu sassauci don motsin inji. Inda zai goga ƙarfe sai a sa masa riga a ɗaure. Wanda yake son ƙarin abin sanyaya mai a gaban lagireto, mukan fara gano bututun da ke dawowa, mu haɗa shi a nan, don mai ya bi ta lagireto tukuna sannan ya ƙara hucewa.

Duk giyar da muka buɗe muka gyara, ba ta komawa kan mota sai mun wanke bututan da mazaunin man da ke cikin lagireto, domin garin kuloci da ɓarɓashin ƙarfe a can suke maƙalewa. In kuwa mun tarar man ya koma ruwan hoda kamar an zuba masa madara, to cikin lagireton ne ya fashe ruwa ya shiga, dole a canja shi. Bayan an ɗaura, sai mota ta yi zafi sosai, an bi giyoyi ɗaya bayan ɗaya, mun shiga ƙasa da fitila mun duba kowane haɗi, mun auna mai yadda kamfanin motar ya tsara, sannan mu miƙa makulli.