Sunan aro a takardar kamfani: abin da na koya kafin na ajiye aiki

Makon jiya na miƙa makullin durowata, na bar ofishin lauyan da nake yi wa aikin rajistar kamfanoni a nan Katsina. Waɗanda muka sha zaman jiran shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya buɗe sun san aikin, ba sai na yi bayani ba. Wannan rubutu na ƙannenmu ne masu shigowa, musamman 'yan bautar ƙasa da ake zaunarwa gaban kwamfuta a ce su cike fom.

Tsohuwar dokar kamfanoni ta 1990 ba ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani ba, sai biyu zuwa sama. Shi ya sa idan ka buɗe tsofaffin fayil na 'yan kwangilarmu za ka ga Alhaji darakta, uwargida darakta, sai direba ko yaron shago da aka rubuta wa hannun jari bai ma sani ba. Ba wanda ya ɗauke shi laifi a lokacin, cika sharaɗi ne kawai. Sabuwar dokar da Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2020 ta ba mutum ɗaya damar mallakar kamfaninsa, amma ta zo da nata: duk mai kashi 5 cikin 100 na hannun jarin kamfani ko fiye sai an bayyana shi, kuma tun Mayun 2023 rajistar masu kamfanoni na ainihi a buɗe take, kowa na iya dubawa. Ga kuma NIN. Suna da ranar haihuwa sai sun dace da abin da ke wurin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, in ba haka ba aiki ya tsaya.

Nan ne sunayen aro suka fara tashi daga barci.

Wani Alhaji, babban mai hulɗa da ofishinmu, ya zo da gaggawa, banki na neman a sabunta bayanan kamfaninsa kafin a sakar masa kuɗin wani aiki. Daraktansa na uku tsohon direbansa ne, mai kashi 10 cikin 100, wanda ya daɗe da barin aiki ya koma wajen Jibiya. Na gaya wa Barista hanya ɗaya ce: a nemo mutumin, ya ajiye muƙamin, ya sa hannu a mayar da hannun jarin. Ko an cire shi daga darakta ta taron masu hannun jari, kasonsa na nan sai da yardarsa.

Barista bai ɗago kai daga wayarsa ba. Ya ce, "Akwai ƙanensa a gareji a Ƙofar Ƙaura, sunan ubansu ɗaya. Je ka karɓo lambar NIN ɗinsa ka saka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a rubuta mini umarnin a takarda, sai in yi."

Sai a lokacin ya dube ni. "Kai yanzu ka fi ni sanin doka ke nan?"

Ban fi shi ba, kuma ya san dalilin da ya hana shi rubutawa. Ya janye fayil ɗin daga teburina ya ba wani yaro ɗan bautar ƙasa, bai ce mini uffan ba. Yaron ya saka lambar ƙanen, ranar haihuwa ta ƙi dacewa, aka dawo da takardun da tambaya, banki ya ci gaba da riƙe kuɗi. Ranar da Alhaji ya zo a fusace, ya zauna yana jan carbi da ƙarfi har kana jin ƙarar ƙwayoyin, aka kira ni ciki. Barista ya nuna ni da biro ya ce, "Ga wanda ya danne fayil ɗin, Alhaji." Alhaji ko kallona bai yi ba. Ƙarshen wata aka ba ni rabin albashi, wai ladabtarwa.

Bayan duk wannan, abin da na faɗa tun farko shi aka yi, kuma ni aka tura. Na sami tsohon direban a tasha yana rubuta sunayen fasinja, gemu duk furfura. Barista ya ce in nuna masa inda zai dangwala kawai, ga ambulan daga Alhaji na goro. Ni kuwa na zauna a benci na karanta masa takardar layi-layi da Hausa. Da na zo inda aka ce yana da kashi goma a kamfanin fiye da shekara ashirin, sai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya yi shiru, can ya ce, "To ɗana, ina ribata?" Ya ƙi dangwalawa ranar. Sai da Alhaji ya kira shi da kansa suka daidaita, a kan abin da ya fi na cikin ambulan nesa ba kusa ba. Wannan ma laifina ne a wurin Barista. Ban musa ba, don da gangan na karanta.

Ni dai ina goyon bayan tantancewar nan, ko da ta ci rabin albashina. Na ji ko a Ingila, daga 18 ga Nuwamban 2025, hukumarsu ta Companies House ta wajabta wa kowane darakta da mai iko da kamfani ya tabbatar da ko shi wane ne, don su ma sun sha fama da kamfanonin da aka buɗe da sunan mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a nan manya ba sa taɓa kwamfuta. Mai kamfani ya yi waya, lauya ya ba da umarni da baki, yatsun ƙaramin ma'aikaci ne ke shigar da ƙaryar.

Sauran shawarwarina kaɗan ne. Kada ka shigar da NIN ɗin mutumin da ba ka gani ba ko ba ka ji muryarsa ba. Idan matan aure ne, duba da kyau: sau da yawa sunan uba ne a NIN, sunan miji a takardar kamfani, a gyara tun kafin a fara. Muhammad da Mohammed da Muhammadu mutum uku ne a wurin na'ura. Wanda aka rubuta wa 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa, tambaye shi ko haka yake a BVN ɗinsa ma. Masu POS da suka yi rububin rajista a 2024 da sunan yayye da ƙanne, suna nan tafe da irin wannan matsala. Ranar da aka ɗauke fayil daga teburinka, rubuta kwanan wata a littafinka.

Wanda kuma zai nemi gurbin da na bari, albashin ma ya ce a rubuta masa.