Ciwon da ba a faɗin wurinsa

Wata bakwai maigidana ya yi yana ɓoye mini, ni da muke kwana ɗaki ɗaya. Na ga ya daina zaman tabarma, na ga yana hawa babur a karkace, ban kawo komai a raina ba. Ciwon baya ne ya tona asirin. Wani dare cikin daminar 2023 na farka na tarar da shi durƙushe a bakin gado, gumi ya jiƙa masa riga. Na ce, "Malam, don girman Allah mene ne?" Ya daɗe bai tanka ba, sannan ya kama hannuna ya kai wurin. Ɗan marainansa na dama ya kumbura, ya yi tauri kamar dutse. Ya ce ai ba ya ciwo, shi ya sa ya ɗauka gwaiwa ce, har ya sha jiƙe-jiƙen wani mai magani. Shekararsa 34, malamin lakwal ne, ƴaƴanmu biyu.

A nan Damagaram aka yi masa ekografi, wato hoton cikin jiki, aka ɗebi jini. Abu uku ake nema a jinin: AFP, beta-hCG da LDH, waɗanda kan hau idan sankarar maraina tana jiki. Likitan ya ce hCG ɗin shi ne wanda ake gani a fitsarin mace mai ciki. Malam ya dube ni ya ce, "Ashe ni ke ɗauke da na ukun." Wannan ce dariyarsa ta ƙarshe kafin wani dogon lokaci.

Ta matsematsi aka yanka aka cire ɗan marainan, aka aika da shi awo. Sakamako ya ce sankara ce, irin da ake kira non-seminoma, sikana kuma ta nuna ya kama kaluluwar da ke can cikin ciki kusa da ƙashin baya, ga ɗigo biyu a huhu. Ciwon bayan ke nan. Kano ta fi mana kusa nesa ba kusa ba, amma a lokacin iyaka na rufe tun juyin mulkin 26 ga Yuli. Sai Yamai, wajen kilomita 900, a bi ta Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso. Kar, wato babbar motar fasinja, ta tashi da asuba, mu sauka dare ya yi, shi yana kishingiɗe a kafaɗata, ni ina riƙe da leda saboda amai.

Likitar da ta karɓe mu a Yamai ta faɗi maganar da na rataya a wuya kamar laya. Ta ce cikin cututtukan daji wannan yana cikin waɗanda suka fi jin magani, ko da ya bazu, tun da aka fara amfani da maganin cisplatin a shekarun 1970. Ƙanensa ma ya nuna masa a waya labarin Lance Armstrong, ɗan tseren keken nan na Amurka, wanda a 1996 nasa ya kai huhu da ƙwaƙwalwa kuma ya tashi. Malam ya ce shi wancan Bature ne. Bai yarda ba sai da ya ga lambobin jininsa na sauka da idonsa.

Amma kafin a ɗaura ruwan farko sai da muka haye wani tudu. Likitar ta tambaya ko muna son ƙarin haihuwa, don maganin yana rage maniyyi, wani na ɗan lokaci, wani har abada, kuma dole in kauce wa ɗaukar ciki muddin ana yi da watanni bayan an gama. Malam ya sunkuyar da kai. Na san tambayar da ke cin sa, na kuma san in sama za ta faɗo ba zai furta ba. Ni na ajiye kunya na ce, "Likita, da ɗaya da ya rage, zai iya zaman aure?" Ta ce ƙwarai kuwa, ɗaya lafiyayye ya isa. A daren nan, a gidan gwaggona da ta ba mu ɗaki, ya ce, "In kina so in sawwaƙe miki, ba zan riƙe ki a zuciya ba." Na ce, "Malam, sha kununka, ya fara sanyi." Ban sami wata amsa da ta fi wannan ba, har yau kuma ban samu ba.

Tun daga ranar na gane aikina. Dafa abinci da wankin ƙazanta kowa zai iya. Nawa shi ne in zama bakinsa a inda kunya ta ɗaure masa harshe.

Sai dai a gida ni ma kunyar ta ci ni. Duk wanda ya tambaya sai in ce ciwon ciki ne. Yaya za a yi in dubi surukata in ambaci wurin? Ƙaryar nan ta ja mana wahala. Wannan ya kawo maganin olsa, wancan na basir, wata ta ce sammu ne, har na fara jin ana raɗe-raɗin wa ya yi sammun. Yayansa ma ya riƙa cewa ciwon ciki ne sai an je Yamai an ƙarar da dukiya? Abin da ya warware ƙullin tambaya ce daga likita: ko yana yaro ƴaƴan marainansa duka sun sauko a kan lokaci? Wanda nasa bai sauko ba ya fi shiga haɗarin wannan ciwo. Mutum ɗaya ce a duniya ta san amsar. Na kira Inna a waya, na juya baya kamar tana gabana, na faɗa mata komai. Ta yi shiru, can ta ce, "Na dama ne ko? Sai da ya yi wayo ya sauko." Kwana biyu bayan haka yayansa ya sayar da bijimi ya aiko da kuɗin ta Nita, ba a ƙara zancen sammu ba.

Shimiyon, wato ƙarin ruwan maganin daji, sunansa BEP, magani uku ne: bleomycin, etoposide da cisplatin. Zagaye huɗu aka rubuta masa, kowane kwana 21. Kwana biyar a jere ana ƙarin ruwa, sannan a koma a rana ta 8 da ta 15 don bleomycin. Gashi ya zube a mako na uku. Ƙamshin miyar da yake so ya koma masa wari. Kunun tsamiya mai ruwa-ruwa da ɗan shayin citta kaɗai ke zama, su ma cokali-cokali. Cisplatin na wahalar da ƙoda, don haka ruwa ya zama magani na huɗu, ni kuwa na zama ɗan sanda a kansa.

Na ɗauki kaye ɗaya cikin na ɗalibansa. Kullum ina rubuta zafin jiki safe da yamma, gorar ruwa nawa ya sha, amai sau nawa, fitsari ya yi yawa ko ya ragu, da lambobin jinin nan uku duk lokacin da aka auna. Da an tambaye shi yaya jiki, "Alhamdu lillahi, da sauƙi" kawai yake cewa, ko da ya kwana yana amai. Sai in buɗe kaye. Da fari yana jin haushi, wai ina kai ƙararsa. Da ƙarar kunne ta fara masa, da yatsunsa suka fara dindiris, da hazon hunturu ya sa shi tari, daga kayen nan likita ta ji. Tarin ma sai da ta sa aka duba huhu, saboda bleomycin na iya taɓa shi.

Kuskurena mafi girma a zagaye na biyu na yi shi, rana ta 11. An gargaɗe ni cewa tsakanin mako na ɗaya da na biyu ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta suna faɗuwa, in zafi ya kai 38 a taho ko tsakar dare ne. Ya kai 38 da ɗoriya bayan isha'i. Na ce ƙila zazzaɓin cizon sauro ne, na ba shi parasitamol, muka kwanta. Maganin ya rufe zafin, cutar na ta aikinta. Kafin asuba yana karkarwa, ba ya gane ni sosai. Kwana shida ya yi a kwance ana zuba masa maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya. Ba wanda ya yi mini faɗa, da ma an yi da na fi samun sauƙi.

Daga nan na zama mara mutunci a kan dubiya. Mutanen Damagaram da ke Yamai suka riƙa zuwa rukuni-rukuni, Allah Ya saka musu, amma mai mura da mai tari duk hannu suke miƙawa. Na sa benci a ƙofar ɗaki, a gaisa daga nan. An ce na kankane miji. Na ji zafi, ban ɗauke bencin ba. Wanda ya ce me zai taimaka da shi, na daina cewa "addu'a kawai". Ƙanwata ta riƙe yara, ƙanensa ya bi layin farmasi, ƴan adashenmu suka ba ni ɗauka kafin lokacina.

Akwai abin da ba a faɗa wa mai jinya: za ki ji haushinsa. Ranar da na sayar da keken ɗinkina na shiga banɗaki na yi kuka, rabin kukan na fushi ne, ina lissafin watanni bakwai ɗin da ya yi shiru. Gwaggo ta ji ni. Ba ta yi mini wa'azi ba, ta ce, "Je ki kwanta, yau ni ce matarsa."

A ƙarshen Janairun 2024 aka gama. Lambobin sun dawo daidai, ɗigon huhu sun ɓace, abin da ya rage a ciki ya ƙanƙance har aka ce sa ido ya isa. Azumin Maris bai yi ba, likita ta hana saboda ƙoda, ya rama daga baya. Ƙarar kunnen tana nan, in ɗalibai sun yi hayaniya sai ya dafe kai. Duk bayan ƴan watanni muna hawa kar zuwa awo, kuma mako guda kafin tafiya ba na barcin kirki.

Ranar da muka dawo gida, Inna ta zo da ƙwaryar fura. Ba ta ce da ɗanta komai ba sai "sannu". Da yamma na ga ta ja ƙaramin ɗanmu bayan ɗaki wai za ta yi masa wanka, abin da ba ta taɓa yi ba. Da ta fito ta wuce ta gabana tana goge hannu da zane, ta ce a hankali, "Duka biyu suna nan."