Layin oksijin da ke rinjayar hasken taurari

Daga unguwar Nima ba a hangen rukunin taurari masu nisa, fitilun Accra sun cinye sararin sama, na'urar hangen sama da ke Kuntunse, kusa da Accra, kuwa ta igiyar rediyo ce. Saboda haka da kwamfuta na yi aikin nazarin layin oksijin: na sauko da bakan hasken (hasken da aka rarraba launi-launi) wasu ƙananan galaksi, wato rukunan taurari, daga rumbun binciken sararin sama na SDSS, wanda kowa ke iya shiga kyauta. Su ne waɗanda masu aikin sa kai na Galaxy Zoo, shirin tantance hotunan galaksi a intanet, suka tsinto a 2007, suka sa musu sunan koren wake saboda launinsu.

Da ka buɗe fayil za ka ga hasken taurarin ya kwanta ƙasa, sai layi guda ya miƙe kamar hasumiyar masallaci. Oksijin ne da ya rasa ilektron biyu, a 5007 angstrom (ma'aunin tsawon igiyar haske), abokinsa na 4959 na gefensa da kusan sulusin ƙarfinsa. Idan ban ga wannan uku-da-ɗaya ba, ba na yarda da layin.

Kuskurena na farko shi ne mantawa da karkatar haske zuwa ja, wato yadda igiyar hasken galaksi mai nisa ke ƙara tsawo kafin ta iso mu, wanda ake aunawa da z. A z na 0.2, layin 5007 yana bayyana a 6008, sai ka raba da 1.2 ka mayar da shi gida. Faɗin layin ma haka za ka raba shi, in ba haka ba ka ƙara masa gishiri. A wajen z na 0.114 kuma yana faɗawa kan 5577, hasken iskar duniyarmu, sai ragowar wannan hasken da ba a share daga fayil ba ta ruɗe ka.

To, me ke ba shi ƙarfi haka? Jariran taurari masu tsananin zafi, waɗanda ba sa wuce 'yan miliyoyin shekaru. Haidrojin na buƙatar 13.6 eV (ma'aunin kuzari) kafin ya saki ilektron, oksijin kuwa sai 35 kafin ya saki na biyu, kuma irin waɗannan taurari ne ke da wannan ƙarfin. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne yadda ƙarancin oksijin ke iya ƙara hasken oksijin. Sinadarai masu nauyi su ne ke sanyaya gas. Idan sun yi kaɗan gas ɗin ya ƙara zafi, ilektron suka riƙa bugun ɗan oksijin da ke akwai da ƙarfi. Ga shi tsofaffin taurari ba su taru ba balle su dusashe layin.

Baƙin rami mai haɗiyar gas ma yana iya yin haka. Don rarrabewa nake bin jadawalin Baldwin, Phillips da Terlevich na 1981: 5007 bisa haidrojin 4861, a gwada da naitrojin 6584 bisa haidrojin 6563. Naitrojin mai ƙarfi, ko layin haidrojin da faɗinsa ya kai dubban kilomita a daƙiƙa, alamar baƙin rami ne.

Ƙura kuma tana cin shuɗi fiye da ja. Idan 6563 bisa 4861 ya haura 2.86 sosai, gyara kafin ka lissafa yawan haihuwar taurari daga layin haidrojin. A z na 7 layin 5007 yana komawa wajen maikron 4 (angstrom 40,000), inda sai na'urar hangen sama ta James Webb ke kama shi.