Kwana takwas a ƙauyukan marina da masaƙa na Kach

Sai da faratana suka yi kusan sati uku suna shuɗi bayan na dawo, duk wanda ya kalli hannuna a aji sai ya tambaya ko wani sabon lalle ne, ni kuma ban ma yi ƙoƙarin kankarewa ba don wallahi ina jin daɗin ganinsa.

Karatu nake a Indiya, hutun Disamba kuma bai isa a ce an je gida an dawo ba, ga kuɗin jirgi. Wata ƴar ajinmu ce ta turo min sanarwar wata tafiya ta kwana takwas zuwa yankin Kach da ke jihar Gujarat, wanda a taswira za ku ga an rubuta Kutch, wai mutum shida kacal ake ɗauka, a zauna a ƙauye a koyi rini da buga zane da saƙa a hannun masu sana'ar. Ni dai ɗinki nake ɗan taɓawa tun ina sakandare, atamfa da shadda na san su a ƙarƙashin keke, amma yadda ake haifar yadin kansa ban taɓa tsayawa na yi tunani ba. Na biya, muka hau jirgin ƙasa daga Ahmadabad zuwa Buj, babban garin yankin.

Tun daga tagar jirgi jikina ya fara ba ni kamar hanyar Damagaram nake, ƙasa busasshiya, itatuwan ƙaya, raƙuma, garken awaki da makiyayi da rawaninsa da sandarsa. Da aka kawo abincin dare kuwa sai ga gurasar gero mai kauri da man shanu da mazarƙwaila da tsala a kofi, sauran ƴan tafiyar suna ta tambayar mene ne wannan mene ne wancan, ni kam na naɗe hannun riga na ci na ƙoshi.

Kwana uku muka yi a Ajrakpur, ƙauyen bai kai kilomita 20 daga Buj ba, kuma sabon ƙauye ne. Mutanensa Katri ake ce musu, Musulmi ne, rini da buga zane gadonsu ne kaka da kakanni, da can a Damadka suke zaune. Kogin da suke wanki a ciki ya ƙafe, ruwan rijiyoyin ya zama mai ƙarfe-ƙarfe yana ɓata musu launi, sai kuma girgizar ƙasa ta 26 ga Janairu 2001 ta rushe garin, shi ne da yawansu suka tashi suka nemi wuri mai ruwa mai kyau suka kafa wannan. Wato gari guda aka kafa saboda ruwan rini. Zanen da suke yi sunansa ajrak, wasu na cewa daga azraƙ na Larabci ne wato shuɗi, wasu kuma na cewa daga wata magana ce tasu mai ma'anar bar shi yau. Bayan na yi aikin da hannuna na fi karkata ga ta biyun.

Don wallahi aikin nan jira ne. Farin yadi za a fara wankewa a cire masa sitaci, sannan a tsoma shi a ruwan ƴaƴan wata bishiya da suke kira harda ya fito ruwan ƙwai-ƙwai, a shimfiɗa shi a ƙasa a rana da duwatsu a gefe. Sai ya bushe za a kai shi dogon tebur. Abin bugun hatimi ne na katako mai mariƙi a baya, an sassaƙa masa zane siriri kamar na ƙofar masallaci, taurari da furanni. Bugun farko da farar ƙasa ne da ƙaro, eh ƙaron nan dai namu, duk inda ya taɓa rini ba zai kama ba, nan ne zai fito fari. Baƙin kuma abin ya ba ni mamaki, tsofaffin ƙarafa masu tsatsa ake zubawa a randa da mazarƙwaila da ruwa a bar su kamar sati biyu su yi tsami, a kaurara da garin ƙwallon tsamiya, warinsa ba daɗi gaskiya, in ka ɗebo shi ba wani baƙi ba ne amma yana sauka kan yadin da ya sha harda sai ka ga yana duhu a gaban idonka. Inda ake son ja kuma alimun ake bugawa, ba ka ganin komai sai can a ƙarshe in an dafa yadin a tukunyar jan rini, nan ne kawai zai kama.

Dattijon da ya koya mana Baba nake ce masa, shi kuma ben yake ce min wato ƴar'uwa, sauran maganar sai jagorarmu ta fassara. Zai dangwala hatimin a faranti, ya ɗora, ya doke shi da gefen hannu sau biyu dum dum, ya ɗaga, ya matsa gaba, ba ya ma kallo sosai amma layin sai ya haɗu cif kamar da rula aka ja. Ni na farkon da na buga ya yi kyau, na biyu ya kauce kaɗan, kafin in kai ƙarshen gyalen layin ya gangara kamar kwatar ruwa. Sai ya kamo hatimin ya nuna min wani ɗan ɗigo a kusurwarsa da ban lura da shi ba sam, ashe a kansa ake saita na gaba. Daren nan gefen hannuna ya kumbura, da ruwan ɗumi na gasa shi.

Kuskurena babba a rana ta biyu na yi shi. Da safe akwai raɓa da sanyi, yadina bai gama bushewa ba, na ga sauran sun yi gaba, sai na ɗauko shi a haka na fara buga baƙi. Nan take ya malale, siraran layukan nan suka zama dabbare-dabbare. Baba ya zo ya taɓa yadin da bayan hannunsa, bai yi faɗa ba, ya ce a gaya min in bar shi gobe ma rana ce. Raina ya ɓaci sosai don awa huɗu na yi a kan wannan gyalen, kuma ba ya gyaruwa. Har yanzu yana nan a akwatina ban yar ba. Tun daga ranar kafin in ɗora komai a yadi sai na taɓa shi da bayan hannu.

Ranar shuni ce ta fi taɓa ni. Ramin a ƙasa yake, ruwan da kumfa mai ƙyalli a sama, in ka tsoma yadi a hankali ba a so ka kaɗa ruwan iska ta shiga, ka ɗago shi sai ya fito kore shar kamar ganyen zogale, kana riƙe da shi iska na bugunsa yana juyewa yana zama shuɗi, tun daga gefe har tsakiya. Ina tsaye hannuna na ɗiga sai marinar Ƙofar Mata ta faɗo min a rai, wadda ake cewa tun 1498 take, na wuce ta gabanta a adaidaita ban san sau nawa ba in za mu asibitin Murtala ko kasuwa, ban taɓa cewa a tsaya in leƙa ba. Na ciro waya na nemo hotonta na nuna wa Baba na ce wannan garinmu ne. Sai ga shi ya kira ƴaƴansa sun kewaye wayar, suna ta tambaya, me ake zubawa a ramin, kwana nawa yake kafin ya nuna, zurfinsa nawa, in ya mutu yaya ake tayar da shi. Na ce ganyen baba da toka, daga nan bakina ya tsaya. Mutumin da bai taɓa jin sunan Kano ba ya fi ni ƙishirwar sanin karofin Kano, abin nan ya zauna min a ƙirji har muka bar ƙauyen.

Daga nan muka koma Bujodi, ƙauyen wasu masaƙa ne da ake ce musu Bankar, kusa da Buj sosai. Masaƙarsu a rami take, mai saƙa ya zura ƙafafunsa ciki yana taka itatuwan, kuma faɗinta ya kai mayafi guda, ba kamar tamu ta maza ba da ake saƙa siraran ƙyalle a zo a haɗa. Da can makiyayan Rabari ne ke kawo musu gashin tumaki su kuma su saƙa musu barguna da mayafai, irin zaman Bafulatani da Bahaushe sak. Yanzu suna saƙa da wata audugarsu ta gargajiya mai suna kala, ruwan sama kawai take sha ba ban-ruwa, gashinta gajere ne shi ya sa zarenta ke da ɗan kaushi, wata cibiya da ake kira Khamir a Kukma tana cikin waɗanda suka dawo da ita kasuwa. Na zauna a masaƙar na jefa ƙoshiya, wuni guda abin da na saƙa bai kai tafin hannu biyu ba kuma gefensa ya tsuke.

Amma ba saƙar ce ta kama ni ba, kaɗi ne. A tsakar gidan wata tsohuwa na zaune da auduga a hannun hagu da mazari a dama, tana murzawa tana ja zaren na fitowa kamar daga cikin yatsunta yake tsirowa, tana hira da jikarta ko kallon hannunta ba ta yi. Haka Kakata take yi, Allah Ya jiƙanta, da taskirarta da allinta da take shafawa a yatsa, in mun je ƙauye hutu muna gudu muna tsallake ta, ko sau ɗaya ban zauna kusa da ita na ce Kaka nuna min ba. Tsohuwar nan ta miƙo min mazarin, na ja zare ya tsinke, na sake ya tsinke, ta kama yatsuna biyu ta sassauta su, ashe matse audugar nake da ƙarfi. Da zaren ya fara tafiya kamar kamu ɗaya bai tsinke ba sai hawaye ya zubo min, ta ɗauka ciwo na ji, na ce wa jagora ta gaya mata kakata na tuna. Ta dafa kaina ta yi wata magana da yarensu da ban nemi a fassara min ba.

Sauran kwanakin an kai mu Nirona inda ake zane da man zurma da aka dafa ya yi danƙo, da Hodka inda mata ke ɗinkin madubi a ɗakunan zagaye masu jinka, da wani farin fili na gishiri da muka je da yamma. Suna da kyau, amma awa ɗaya ɗaya muka yi, mun zama masu kallo da sayayya kawai. Da zan sake, ƙauye biyu zan zaɓa in zauna, don hannu ba ya koyon komai a awa ɗaya.

Wanda duk zai yi irin wannan tafiyar, ya fara tambayar mutum nawa ne. Mu shida ma sai da muka riƙa jiran tebur, in kun kai ashirin to kallo za ka yi ka dawo. Ya kuma tambayi mai shirya tafiyar ƙarara nawa ke shiga hannun masu koyarwar, don wunin da suka ba ku wuni ne da ba su yi nasu aikin ba, ni sai a rana ta huɗu na yi wannan tambayar alhali tun kafin in biya ya kamata. A je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, da damina yadi ba ya bushewa, da bazara kuma zafin ba a magana. Tsofaffin kaya za ka sa, hijabina mai ruwan toka ya tafi a ranar shuni. A riƙe tsabar kuɗi, kar a ɗauki hoton mata sai an nemi izini. Sallah ba ta ba ni wahala ba, a Ajrakpur tare da matan gidan nake yi, nama ne dai kusan babu a yawancin gidajen da muka ci.

Sai maganar ciniki, wannan ta dame ni. Ranar farko na taya wani mayafi rabin kuɗinsa yadda muka saba a Kwari, yaron ya yi murmushi kawai ya ninke ya mayar. Bayan na ga sau nawa yadi ɗaya ke shiga ruwa ya fita ya sha rana, matakai fiye da goma, ga kumburin hannuna a kan gyale ɗaya tak, na koma na biya yadda ya faɗa. Abin da ke karya su shi ne na inji da ake bugawa da zanen iri ɗaya a sayar da arha, in kana son ganewa juya bayan yadin ka duba ko rinin ya ratsa, ka kuma nemi inda hatimi ya haɗu da hatimi, na hannu ba ya rasa ɗan kaucewa.

Daren da na dawo makaranta na kira Umma na ce Umma don Allah mazarin Kaka yana nan kuwa, ta yi shiru ta ce me za ki yi da shi, na ba ta labari. Bayan kwana biyu ta turo min hoto a WhatsApp, ta same shi a ƙasan tsohuwar adaka naɗe a tsumma, har da ɗan ragowar zare a jikinsa. Ta ce Gwaggo ta ƙauye har yanzu ta iya kaɗi, idonta ne kawai ya yi rauni. Mun yi da ita in na zo hutun ƙarshen shekara zan yi sati biyu a wajenta, kuma na rubuta tambayoyin Baba guda huɗu a bayan littafina, su zan fara kaiwa Ƙofar Mata, jagorarmu ta ce in na samo amsa in turo mata za ta kai masa.