Ranarmu ta ƙarshe a Alƙahira

Mako biyu ke nan da dawowarmu gida Agege, amma har yanzu duk wanda ya shigo yi mana barka da sauka, labarin ranar ƙarshe nake fara ba shi. Kwana shida muka yi a Alƙahira, ni da uwargida da yaranmu uku da mahaifiyata. Tun muna filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja Hajiya ta faɗa mini buƙatarta guda ɗaya tak, wato ta yi salla a masallacin Azhar, domin mahaifinta, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana karantar da almajirai a Kano, ya rasu da begen wurin a ransa. Na amsa mata da to, sannan hidimomi suka yi ta shan gabanmu har ya rage saura kwana ɗaya.

Da sassafe muka nufi Giza saboda alkawarin da na yi wa yara. Babbar dalar Fir'auna Khufu ta kai kimanin shekara 4,500, kuma tsayinta na asali ya kai mita 146, sai dai waɗannan alƙaluma ba sa shiga zuciya sai mutum ya tsaya a gindinta ya ga dutse guda ya kusa kai wa ɗansa wuya. Hajiya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ta tuna mata da dalar gyaɗa da ta gani a Kano tana yarinya. Wani mai raƙumi ya ɓata mana lokaci, domin bayan mun yi ciniki ya ɗora yara, sai ya nemi ƙari kafin ya durƙusar da raƙumin. Uwargida, wadda ta saba da cinikin kasuwar Mile 12, ita ce ta tsaya kai da fata har ya haƙura.

Wanda yake bin hanyar Oshodi kullum yakan ɗauka ya gama sanin cunkoso, amma tsallake kogin Nilu da rana tsaka ya cinye mana lokaci mai yawa. Hajiya ba ta ce uffan ba, carbinta kawai take ja, kuma wannan shiru nata ya fi mini nauyi a kan kowace magana.

Ana kiran la'asar muka isa. An aza harsashin Azhar a shekarar 970 Miladiyya, zamanin daular Fatimiyyawa, aka fara salla a ciki a 972, kuma har yau ɗalibai suna zaune a jikin ginshiƙai da littattafansu a buɗe. Farin dutsen farfajiyar yana da sanyi a tafin ƙafa. Muna cire takalma wani saurayi ya ji Hausa a bakinmu, ya matso ya russuna ya ce, "Mama, sannunku da zuwa." Ɗalibi ne daga Zariya. Shi ya nuna wa mata inda za su shiga, ya kuma bayyana mana cewa tun zamanin da, masallacin yana da ɓangarorin da aka keɓe wa ɗalibai baƙi, har da na mutanen Barno.

Bayan salla Hajiya ta zauna kusan sa'a guda tana yi wa mahaifinta addu'a, tana share hawaye da bakin mayafinta. Ban tashe ta ba, ko da yake na san lokacin sayen tsaraba a kasuwar Khan al-Khalili, wadda take tsallaken titi, shi ne yake tafiya. Minti ashirin muka samu a can, muka sayi dabino da turare da carbi kaɗan, muka wuce filin jirgi.

Tsarabar ba ta ishi maƙwabta ba, har uwargida ta riƙa ba su haƙuri. Ita kuwa Hajiya, kowace baƙuwa ta shigo sai ta zaunar da ita ta ba ta labarin yaron nan na Zariya da ya kira ta Mama.