Wa ke wurin lokacin da abin ya tashi?

Tambayar da na fi jin babban likitanmu yana yi a sashen cututtukan ƙwaƙwalwa ke nan. Shi mai farfaɗiya sau da yawa ba shi da labarin da zai bayar, ya dai farfaɗo ya ga mutane a kansa. Saboda haka wanda ya gani da idonsa ake zaunar da shi a yi masa tambaya dalla-dalla: ta ina ta fara? Idanunsa a buɗe suke? Kansa ya juya gefe guda? Minti nawa ya yi kafin ya gane mutane? Idan akwai bidiyon waya, ai an rage mana aiki sosai.

Farfaɗiyar da kowa ya sani ita ce mai kayar da mutum, ya sanƙare, jiki ya kama jijjiga, ya ciji gefen harshe, wani lokaci har fitsari ya kuɓuce. Wannan ba ta ɓuya. Waɗanda suka fi wahalar da ni su ne marasa hayaniya. Yarinya tana cikin magana sai ta yi zuru na kamar daƙiƙa 10, ido a kafe, sannan ta ɗora daga inda ta tsaya. A yini tana iya yin haka sau da dama, a makaranta kuma a ce ba ta mai da hankali. Akan sa irin wannan yarinyar ta yi ta jan dogon numfashi na minti uku, sai ka ga abin ya taso a gabanka.

Akwai kuma mai tasowa daga sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa. Mutum ya ji wani abu na taso masa daga ciki zuwa maƙogwaro, ko ya ji warin da ba wanda ke ji, daga nan ya shiga lasar leɓe yana murza bakin rigarsa. Rabe-raben farfaɗiya da ILAE, ƙungiyar yaƙi da farfaɗiya ta duniya, ta fitar a 2017 a kan mafarin ya ginu: sashe ɗaya, ko ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu a tare, ko ba a san mafari ba. Wannan bambanci yana taɓa magani, domin carbamazepine da ke yi wa ta sashe ɗaya aiki yana iya ƙara wa mai yin zuru ciwo.

Gwajin EEG, mai auna motsin lantarki a ƙwaƙwalwa, yana da amfani, amma a ganina mutane na ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Masu farfaɗiya da yawa gwajinsu na farko lafiya lau yake fitowa, tunda tsakanin tashi da tashi ƙwaƙwalwa na iya zama shiru. Kuma ba kowace jijjiga ce farfaɗiya ba. Suma, faɗuwar sukarin jini da zazzaɓi mai zafi a jikin ƙananan yara duk suna kawo ta. Shi ya sa ake duba sukari, a auna bugun zuciya, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na MRI idan da hali. Galibi sai ta tashi sau biyu ba tare da wani sanadi ba, da tazarar fiye da awa 24, kafin a rubuta wa mutum wannan suna a katinsa.