Aikin sa-kai a tsibirin Cousin

Masu tambayata ko hutu na je yi a Seychelles, wallahi aiki ne, kuma mai gajiyarwa. Cousin ɗan ƙaramin tsibiri ne na ƙasar Seychelles a Tekun Indiya, babu mota, babu titi, sai kwale-kwale ya kai ka. A 1968 aka saye shi domin ceto wani ƙaramin tsuntsu da ya kusa ƙarewa a duniya. Da gonar kwakwa ce, yanzu daji ya dawo.

Ni kunkuran teku aka haɗa ni da su. A yawancin wurare da dare suke fitowa yin ƙwai, amma na nan da rana tsaka suke hawowa. Sai ka laɓe can nesa, ba motsi, har uwar ta gama haƙa rami, don in ta tsorata komawa ruwa za ta yi. Tana zuba ƙwai sama da 100, mu ƙirga, mu auna bayanta, mu sa wa ramin alama. Bayan kusan wata biyu ake ƙyanƙyashewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai: zafin yashi ne ke sa ɗan ya zama mace ko namiji. Yashi ya yi zafi, mata su yi yawa. Ga duniya kuma kullum ƙara ɗumi take.

Ma'aikatan wurin 'yan ƙasar ne, su suka koya mana komai cikin haƙuri. Wanda zai je, ya tafi da niyyar bin umarninsu, ya kuma shirya wa sauro.